Ranar da Najiba Ta Kira Sunan Goggo

A tsakar gidan Malam Illa tela, a garin Buza, Najiba ta shimfiɗa farar rigarta ta asibiti a kan tabarma tana goge ta da dutsen gawayi, karo na biyu ke nan tun safe. Mahaifinta na bakin kekensa yana satar kallonta. Shi ya ɗinka rigar da hannunsa, kuma babu wanda ya zo karɓar ɗinki a makon nan bai ji labarin ba.

"Ke Najiba, rigar ga ƙone ta za ki yi tun ba ta ga marar lahiya ba!"

"Baba, yau hwa kasuwa ta. Mutanen ƙauye za su cika asibiti, kuma ni anka ba kiran suna."

"To, Allah shi taimaka. Ki kira su da ladabi."

"Baba ke nan! Kiran suna ma har da wani ladabi?"

Da ta san abin da ke jiranta, da ba ta yi wannan dariyar ba.

Shekarar Najiba huɗu tana karatun likita a jami'a a Maraɗi. Hutun damina ne ya dawo da ita gida, aka tura ta asibitin garinsu ta yi estaj, wato aikin koyo a ƙarƙashin wata likita, Madam Zuhura. Tana aji uku a kwaleji mahaifiyarta ta rasu, bayan ta ɓoye wani ciwo shekara guda cur saboda kunya. Tun ranar Najiba ta ƙulla a ranta cewa wannan karatun za ta yi.

Akwai kuma Rilwanu, malamin firamare a Tama, wanda ya fara sonta tun suna lise, wato babbar sakandare, a Madawa. Shekara huɗu yana jira bai gaji ba. Danginsa kam sun gaji, musamman ƙanwarsa Cima, wadda kullum maganarta ɗaya ce: boko yana cinye kunyar ɗiya mace. Wadda ta tsaya wa Najiba ita ce mahaifiyarsa, wadda duk Tama, har 'ya'yan cikinta, Goggo suke ce mata. Ita ta ce a bar yarinya ta yi karatunta, aure ba ya gudu. Bana dai an yi shirin sa rana bayan kaka.

Sau ɗaya Najiba ta taɓa zuwa gaishe da Goggo, kuma kamar yadda ya kamaci 'yar mutunci a gaban uwar miji, ba ta ɗaga kai ba tun shigarta har fitarta. Abin da ta sani a jikin Goggo kaf shi ne ƙafafunta: baƙin lalle, da wani tsohon tabon gatari a babban yatsan hagu. Sunanta na yanka kuwa, wa zai faɗa mata? Rilwanu ɗan fari ne, uwar ba ta kiran sunansa, shi ma ko a mafarki ba ya kiran nata.

Tsarin asibitin mai sauƙi ne. Kowa ya zo ya ajiye karnensa, ɗan littafin nan na marar lafiya, a kan tebur a bakin ƙofa, mai kira ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya ta karanta sunan da ƙarfi. Ranar kuwa benci ya cika maƙil da matan Tama da na ƙauyukan kwari, kowa da kwandonta a gefe. Najiba na ta kira ana shiga ana fita, har ta ɗauko wani sabon karne.

"Mariyatu Shafi'i!"

Shiru.

"Mariyatu Shafi'i!"

Matan benci suka fara kallon juna. Najiba ta ga rana na yi, layi na da tsawo, sai ta ƙara buɗe murya kamar mai shela:

"Wai wace ta Mariyatu? In ba ta nan mu wuce, mutane na jira!"

Wata mata ta zabura tsaye daga ƙarshen benci, mayafinta ya zame. Cima ce.

"La'ilaha illallahu! Ke Najiba! Goggon ce kika kira gatsau haka, har sau ukku, gaban mutanen Tama?"

Tsohuwar da ke gefenta ta miƙe a hankali, lulluɓe da mayafi har goshi. Idon Najiba ya faɗa ƙasa, sai ga baƙin lalle, sai ga tabon gatari. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Shekara talatin rabon Goggo da ta ji wannan sunan a bakin wani, shi ya sa ma ba ta amsa ba. Yau ga shi ta ji shi a bakin yarinyar da ɗanta zai aura.

Najiba ta durƙusa nan a bakin ƙofa da farar rigarta. "Goggo, ki gahwarce ni, wallahi ban sani ba."

Goggo ta wuce ciki, Cima na biye da ita tana huci.

Da abin ya tsaya nan, da kwana biyu an gama dariya an manta. To amma da Najiba ta zo ɗaura mata abin awon jini a hannun dama, sai tsohuwar ta janye hannun da sauri ta manne shi a ƙirji. Ciwon kafaɗa ta ce ya kawo ta, amma Najiba ta ga ba kafaɗar take karewa ba. Ta san wannan riƙon hannun, haka mahaifiyarta ta riƙa yi.

Kunya ta ce mata ta bari kawai a rubuta maganin kafaɗa a sallame su. Karatunta ya ce a'a. Ta juya ta dubi Cima.

"Yaya Cima, don Allah ki ɗan jira mu waje."

"Ni? Ni za ki kora daga wurin uwata?"

"Ƙa'idar aiki ta, ki yi haƙuri."

Cima ta fita tana tafa hannu. Najiba ta ja labule, ta durƙusa, ta yi ƙasa da murya.

"Goggo, nan ciki ba wanda ka ji sai Allah. Ba kahwaɗa ta ba, ko?"

Tsohuwar ta juya fuskarta bango. Can sai hawaye suka zubo mata, ta sassauta zanenta da kanta. Ƙullutu ne a nonon dama, kamar ƙwallon goriba ƙarami, wata biyar tana ɓoyonsa. Najiba ta kira Madam Zuhura ta duba, likitar ta rubuta takardar zuwa babban asibiti, ta ce kada a ɓata lokaci ko kaɗan.

Da likitar ta fita, Goggo ta damƙi hannun Najiba. "Yarinya, ki rantse ba ki hwaɗa ma kowa. Ko Cima. Balle wancan." Wancan shi ne Rilwanu. "Ku mutanen asibiti bakinku bai da marhi. Ban son a zamna bakin rijiya ana zancen jikina."

"Goggo, ba sai na rantse ba. Tun ajin hwarko anka koya muna, sirrin marar lahiya nashi na. Amma ki yarda ki tahi."

Goggo ta ninke takardar ta cusa a lalitarta, ta fita da jajayen idanu. Abin da matan benci suka gani ke nan, kuma shi suka ɗauka suka kai Tama tare da kayan cefanensu. Kafin la'asar labari ya gama gari: 'yar boko ta kira sunan uwar miji sau uku, ta kori 'yarta, ta tuɓe ta a bayan labule, ta sa ta kuka.

Washegari da la'asar Rilwanu ya zo a kan babur ɗinsa, laka har gwiwa don korama ta kawo. A da idan ya zo da tsokana yake farawa, ya ce mata Lokotoro, wato likita, ta ce masa Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta. Yau ko zama bai yi ba a zauren.

"Zancen suna na gane, kuskure na, na hwaɗa musu. Amma mi kinka yi mata cikin labule har tay yi kuka? Tun jiya ba ta ci komi ba."

"Ba ni iya hwaɗi, Mushe."

"Uwata ta hwa!"

"Na sani. Ka tambaye ta."

"Ƙaƙa zan tambaye ta? Kin san ko ido ba mu haɗawa! Najiba, kalma guda nika so in kai ma dangina in rufe bakinsu. Kalma guda!"

Kalmar na kan harshenta. Da ta faɗe ta, da ta wanke kanta tas, da Cima ce za ta zo neman gafara. Ta dubi mutumin da ya jira ta shekara huɗu, ta ji tausayinsa kamar ta fasa ihu, amma ta girgiza kai.

"Ka yi mini haƙuri."

Ya fita ya tada babur ya tafi ko sallama babu. Ta shiga ɗaki ta ci kukanta ta ƙoshi. Malam Illa ya tsaya a bakin ƙofa, ya tambaye ta sau ɗaya, ta ce, "Baba, amana ta." Bai sake tambaya ba. Ya ce kawai, "In amana ta, riƙe."

Ranar Lahadi ta hau motar kasuwa ta tafi Tama. Cima ta tare ta a tsakar gida, babu tabarma babu ruwa.

"An zo kiran suna na huɗu?"

Najiba ta gaishe ta, ta wuce ɗakin Goggo ta durƙusa a bakin ƙofa. Duk gidan sun ɗauka gafara ta zo nema, har maƙwabta na leƙowa ta kan danga. Ita kuwa da ta ga ba kowa kusa, magana ɗaya ta yi ƙasa-ƙasa: "Goggo, takardar nan." Goggo ta juya mata baya.

Lahadi ta biyu haka. Ta dawo ruwan sama ya jiƙe ta sharkaf a bayan mota. A cikin makon Rilwanu ya sake kiranta a waya har sau biyu yana roƙo, amsar dai ba ta canza ba. Daga nan ya daina kira. Sai ga saƙo ya iso wa Malam Illa cewa kawun Rilwanu zai zo ranar Juma'ar mako mai zuwa. Ba a faɗi abin da zai kawo shi ba, amma ko yaro ya san ba sa rana ba ce, janye magana ce.

Lahadi ta uku ita ce ta ƙarshe, don hutu ya ƙare. Najiba ta sami Goggo ita kaɗai da hantsi tana tsince wake, mutanen gida duk suna gona. Wannan karon tsohuwar ce ta fara magana, ba tare da ta ɗago ba.

"Wancan ya tambaye ki?"

"Sau ukku, Goggo."

"Mi kinka ce mai?"

"Ban ce komi ba."

"Mahaihinki hwa?"

"Shi ma."

"Kin san Juma'a za a tahi gidanku?"

"Na sani."

Goggo ta ajiye faifan. "To ke wace irin yarinya ta? Ki buɗe baki ki tsira da mijinki mana!"

Hawayen da Najiba ta yi mako uku tana dannewa a gidan nan suka ɓalle.

"Goggo, ina son shi, Allah na gani. Amma ba nawa na ba, balle in bayar. Ni ba aure nika zowa roƙo nan ba. Innata haka ta riƙe hannunta a ƙirji shekara guda, muna gida guda ba mu sani ba. Ranar da munka sani, likita ya ce an makara. In anka janye magana, ni dai zan yi kuka in koma lakkwal wurin karatuna. Amma shi, in kinka ƙi tahiya, wa za shi gaida da sahe?"

Goggo ta sa gefen zane ta share fuska.

"Mako ukku ina kasa kunne," in ji ta. "Kullum in aika Cima rijiya, in jira ta dawo da zancen jikina. Garin ga ko akuya ta yi ɓari sai an ji kahin azahar. Sai ta dawo da zaginki kaɗai. Ana zaginki saboda ni, ina ji, na yi shiru don tsoro. Ni ad da abin kunya, ba ke ba." Ta miƙa hannu, karo na farko, ta ɗago haɓar yarinyar. "Dube ni, ɗiyata. Yanka za su yi?"

"Wataƙila, Goggo. Ba ni yi miki ƙarya. Amma ina nan wurin, ƙahwata ƙahwarki."

Da mutanen gida suka dawo daga gona da azahar, Goggo ta sa aka kira kawun, aka kira Cima, ta ce a ce wa wancan shi ma ya tsaya a bakin ƙofa. Ta zaro takardar daga lalita, duk ta yi laushi don ninki, ta ajiye a tabarma. Bango take kallo tana magana, amma muryarta ba ta yi rawa ba. Ta faɗi ciwon, ta faɗi wata biyar ɗin, ta faɗi abin da ya faru a bayan labule.

"Kun ce ba ta da kunya. Yarinyar ga ta ga tsiraicina ta rufe, kun zage ta ta rufe, za ku raba ta da miji ta rufe. Cikinku wa ka iya haka? Mai zuwa Buza ran Juma'a shi tahi da goron sa rana, in ba haka ba shi zamna gida."

Cima ta ɗora hannu a ka ta rushe da kuka, rabi don uwarta rabi don kanta. Ta rarrafo ta kama ƙafar Najiba. "Ki yahe mini! Wayyo ni, bakina ya cuce ni!" Najiba ta ɗago ta suka rungume juna. Rilwanu kuwa yana bakin ƙofa ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na girgiza. Da ya raka Najiba bakin mota, da ƙyar ya ce, "Lokotoro, ban cancance ki ba."

"Ka cancanta, Mushe. Uwarka kaka karewa. Ni ma ita nika karewa."

Ranar Laraba suka tafi babban asibitin Maraɗi su huɗu, Goggo da Najiba da Cima da Rilwanu. Aka yi gwaje-gwaje, aka yi aiki, aka bi da magani na watanni, Goggo ta rame ta sha wuya ba kaɗan ba. Najiba na fita daga aji ta ruga asibiti da kunu a kwano, ta zauna gefen gado tana bitar darasinta, tsohuwar na gyara mata zaman kallabi. Babban likitan ya ce da an ƙara wasu watanni, da labarin ya sha bamban. Goggo ta ɗaga hannu sama ta yi ta hamdala har ma'aikatan ɗakin suka taya ta.

An ɗaura auren bayan kaka ta zagayo. Masu cewa aure zai hana karatu Goggo ta ce su zo su same ta. Najiba ta ƙarasa shekarunta, ta yi rantsuwar likitoci a gaban jama'a, Malam Illa na kujerar gaba yana kuka ba kunya, cikin babbar rigar da ya ɗinka wa kansa musamman.

'Yan'uwana matasa, musamman masu shirin sa farar riga, ku riƙe wannan. Kunya ba sunkuyar da kai kaɗai ba ce. Wanda aka buɗe wa sirri ya rufe, ko da rufewar za ta ci abin da yake so, ya fi kowa kunya, kuma Allah ba ya barin haƙurinsa ya tafi a banza. Iyaye kuma, ciwo ba abin ɓoyo ba ne, ku faɗa tun da sauran lokaci.

Duk bayan wata shida Goggo na zuwa awo, yanzu kuwa a gaban surukarta, don Buza aka turo Najiba aiki. Idan karnenta ya iso hannu, Najiba ba ta bari mai kira ya buɗe baki. Da kanta take tasowa, ta zo ƙarshen benci ta durƙusa ta ce, "Goggo, bismilla." Rannan tsohuwar ta ƙi tashi, ta dubi matan Tama da ke gefenta, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Ku gan ta nan, yau ladabi ya hana ta kira. To ni kiran nan ukku da tay yi mini, su sunka tashe ni daga bakin kabari. Kowace ta ji nata sunan ta amsa tun na hwarko, ta shiga ta hwaɗi gaskiya!"

Sannan ta miƙa hannun dama, wanda a da take mannewa a ƙirji, Najiba ta kama ta tashe ta.